Bin sawun masu kutse: yadda ake gano maɓoyarsu, da inda sawun ke ɓacewa

A watan Fabrairun 2019, kamfanin tsaron kwamfuta na Fox-IT da ke ƙasar Holan ya fito da wani sirri da ya jima yana ɓoyewa. Sirrin nan kuwa ɗan gurbi ne guda ɗaya, irin tazarar da mai rubutu ke bari tsakanin kalma da kalma. Akwai wata manhaja da ake kira Cobalt Strike, wadda aka yi a 2012 saboda ƙwararrun da kamfanoni ke ɗauka su gwada musu ƙarfin katangarsu, amma 'yan dandatsa suka samu kwafin sata suka mayar da ita makami. Idan aka ƙwanƙwasa wa uwar garken da ke ɗauke da ita, wato kwamfutar nan da ke kwana a kunne tana amsa kiran sauran kwamfutoci, takan amsa da layin da kowa ke amsawa da shi: HTTP/1.1 200 OK. Sai dai ita a ƙarshen layin tana ƙara gurbi ɗaya da babu dalilinsa. Idon mutum ba zai gan shi ba. Ma'aikatan Fox-IT suka lura, suka yi gum da bakinsu, suka shiga tsoffin bayanan da masu zagaya intanet suka tara, suna tace duk uwar garken da ke da wannan tabo. Sun tsamo fiye da 7,000 tsakanin 2015 da farkon 2019. Ba su ce uffan ba sai da masu manhajar suka goge gurbin a sabon zubin da suka fitar a Janairun 2019, lokacin da sirrin ya kama hanyar zama tsohon zance.

Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kuma da irin waɗannan haki ake gina wannan sana'a baki ɗayanta.

Mutane da yawa suna ɗaukar mai kutse kamar aljani, ya shigo ta iska ya fita ta iska. Ba haka abin yake ba. Muguwar manhajar da ya dasa a kwamfutar wani ɗan aike ce kawai, ba ta san abin da za ta yi ba sai ta kira gida ta karɓi umarni, kuma abin da ta sato dole ta kai shi wani wuri. Saboda haka dole mai kutse ya tanadi gidan da za a kira: ya yi hayar uwar garke, ya sayi suna a intanet, wanda ake ce wa domen, ya haɗa sunan da lambar adireshi ta IP, ya nemi takardar shaidar da za ta sa burauza ta amince da shafinsa, ya buɗe imel ɗin da zai yi rajista da shi, ya kuma biya kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ciniki ne da wani, kuma ciniki yana barin rubutu. Wannan tarin gidaje da hanyoyi shi ne sansanin maharin, shi ne kuma abin da masu tattara bayanan barazana ke farauta.

Abin da ke ba su sa'a shi ne, kutse aiki ne, kuma mai aiki yana da kasala da tsimi. Wanda zai kai hari wurare ɗari ba zai zauna ya gina kowane sansani da sabon salo ba. Zai rubuta tsari guda ya riƙa maimaitawa, ya saba da kamfanin haya guda saboda ba ya yawan tambaya, ya riƙa raɗa sunaye masu kama da juna. Ni a ganina, kaso mafi tsoka na nasarorin da aka samu a wannan fage daga gajiyar maharan suka fito, wayon mai bincike yana biyo baya ne.

Bari mu ɗauka an kawo wa mai bincike saƙon yaudara guda, a cikinsa akwai domen ɗaya da aka yi shi ya yi kama da shafin shiga imel. Bakin zaren ke nan. Tambayarsa ta farko ita ce, wace lambar IP ce wannan suna ke nunawa, yau da jiya da bara? Tsarin DNS, wanda shi ne littafin adireshin intanet, ba ya riƙe tarihi, amsar yanzu kawai yake bayarwa. Amma tun 2005 wani Bajamushe mai suna Florian Weimer ya gabatar da dabarar ajiye amsoshin da ke wucewa, ta yadda za a tara kundin da zai nuna cewa suna kaza ya zauna a lamba kaza daga rana kaza zuwa rana kaza. Da wannan kundi mai bincike zai juya tambayar: su wa da wa suka taɓa zama a wannan lambar? Sai ga sunaye goma sha biyu, takwas daga ciki suna kwaikwayon shafukan ma'aikatun gwamnati. Daga nan ya duba rajistar mallaka, ya ga rana guda aka saye su, a hannun dillali guda. Ya leƙa kundin takardun shaida, wanda a buɗe yake ga kowa, domin tun 2018 burauzar Chrome ba ta amincewa da sabuwar takardar da ba a shigar da ita wannan kundi ba. Nan zai iya ganin sunan da aka nemar wa takarda jiya da dare, tun kafin a aika saƙon yaudara ko guda da shi. Wannan ne wurin da aikin ya fi daɗi, inda mai bin sawu ke riga ɓarawo isa gidan da zai fasa.

Sai mataki na ƙarshe, zanen yatsa. Duka lambobin adireshi na tsohon tsarin IPv4 ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da manhajar ZMap, wadda ke iya ƙwanƙwasa musu ƙofa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 45. Kamfanoni irin su Shodan da Censys wannan ne aikinsu kullum, su ƙwanƙwasa, su rubuta yadda kowa ya amsa. Idan mai bincike ya gane wata ɗabi'a ta uwar garken maharin, kamar gurbin nan na Cobalt Strike, ko jerin da take bi wajen gaisawa kafin a fara magana a asirce, ko wani shafin kuskure da babu mai irinsa, sai ya tambayi kundin: wa kuma ke amsawa haka a duniya?

Aikin da ya fito da wannan sana'a fili shi ne rahoton kamfanin Mandiant na Fabrairun 2013 a kan gungun da ya kira APT1. Kamfanin ya ce gungun ya kutsa cikin ƙungiyoyi da kamfanoni 141 tun daga 2006, ya kuma ƙirga uwayen garke 937 na ba da umarni a ƙasashe 13. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, cikin sau 1,905 da aka ga maharan suna shiga waɗannan zangon nasu daga nesa, fiye da kashi 97 cikin ɗari daga lambobin da aka yi wa rajista a Shanghai suka fito. Daga nan Mandiant ya nuna yatsa ga Runduna ta 61398 ta sojojin Sin, har da hoton bene mai hawa 12 a unguwar Pudong. Wani daga cikin maharan, mai laƙabin UglyGorilla, har harufan laƙabinsa yake sakawa a sunayen da yake raɗawa. Wasu kuma, saboda an toshe Facebook da Twitter a ƙasarsu, sai su bi ta cikin sansanin harin su leƙa shafukansu na kansu. Hali zanen dutse. Sin ta musanta, amma a Mayun 2014 Amurka ta tuhumi jami'an rundunar su biyar da sunayensu.

Na 2016 ya fi wannan ban mamaki. A ranar 19 ga Maris aka aika wa John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, saƙo kamar daga Google, wai ya canza kalmar sirrinsa. Mahaɗin da ke cikin saƙon an taƙaita shi ne da Bitly, wani shafi da ke gajarta dogayen adireshin intanet, kuma maharan sun manta ba su rufe asusunsu na Bitly ba, kowa zai iya ganin duk abin da suka taƙaita. Kamfanin SecureWorks ya daɗe zaune yana kallo. Tunda kowane mahaɗi yana ɗauke da adireshin wanda aka ɗana wa tarko, sai ya zama maharan da hannunsu suke rubuta jerin waɗanda suke farauta: mahaɗai kusan 9,000 a kan asusun imel wajen 4,000 tsakanin Oktoban 2015 da Mayun 2016, akwai sojoji, 'yan jarida, masu sukar gwamnatin Rasha. Jerin kansa shaida ne, domin ɓarawon da kuɗi ya dama ba ya ɓata lokaci a kan irin waɗannan mutane. Da aka tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha 12 a Yulin 2018, takardar tuhumar ta ƙara wani ƙulli. Daga tarin bitkoyin guda aka biya hayar uwar garke a Malesiya wadda ta ɗauki shafin DCLeaks, inda aka riƙa wallafa saƙonnin imel da aka sato, daga shi kuma aka sayi layin VPN, wato hanyar ɓoye inda mutum yake, da aka shiga asusun Twitter na Guccifer 2.0, wani mai sunan bogi da ya ce shi ya yi kutsen, wanda ke iƙirarin shi ɗan Romaniya ne mai cin gashin kansa. Fuska biyu, aljihu ɗaya. Sai dai a lura, wannan ƙulli na biyu hukuma ce ta kwance shi, mai ikon tilasta wa kamfanoni su buɗe littattafansu. Mai bincike na kamfani iyakarsa bakin ƙofa.

Wancan zamani na sakaci ya ja baya. Tun da dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, aka rufe sunaye da imel na masu domen a rajistar mallaka ta WHOIS, wadda a da ita ce rijiyar da kowa ke ɗiba. Dokar ta kare miliyoyin bayin Allah, ta kuma kare ɓarayi tare da su. Nauyin aikin ya koma kan zanen yatsa, kuma babu wanda ya nuna ƙarfin wannan hanya kamar cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto. A Agustan 2016 Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya samu saƙon waya da ke masa alkawarin wasu sirrika kan azabtar da fursunoni. Bai taɓa mahaɗin ba, ya tura wa cibiyar. Ta haka aka kama manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila. Masu binciken suka nazarci yadda uwayen garkenta ke amsa kira, suka yi shekara biyu suna zagaya intanet da wannan ma'auni. A Satumban 2018 suka ce sun sami lambobin IP 1,091 da sunaye 1,014, suka kasa su gida 36 gwargwadon masu sarrafa su, suka kuma ga alamun aikinsu a ƙasashe 45. Duk daga saƙo ɗaya da mutum ɗaya ya ƙi dannawa.

Wani lokaci ma sawun yakan nuna wanda aka yi wa sata tun shi bai sani ba. A harin SolarWinds da ya fallasa a Disambar 2020, kwastomomin wannan kamfanin manhaja kusan 18,000 ne suka sauke sabuntawar manhajarsa da aka sa wa guba. Manhajar takan kwanta lamo har kusan mako biyu, sannan ta kira gida ta hanyar tambayar DNS a ƙarƙashin avsvmcloud.com, tana cusa sunan cibiyar da ta shiga a cikin tambayar, a murɗe. Da aka warware murɗin, sai masu bincike suka koma kundin tarihin DNS suna karanta sunayen waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya.

To, amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Babbar cutar wannan aiki ita ce ganin alaƙa inda babu ita. Lambar IP guda a kamfanin haya mai araha tana iya ɗaukar shafuka dubbai da ba su san juna ba, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa. Don ka ga ɓarawo ya fito daga ciki ba ka ce duk masu hayar ɓarayi ne ba. Kamfanoni irin su Cloudflare suna tsayawa a gaban miliyoyin shafuka, lambarsu kake gani, ba ta mai shafin ba. A manyan rumbunan haya kuma lambar da ke hannun mahari yau, gobe tana hannun wani asibiti. Wanda bai ɗaura kowace shaida da kwanan watanta ba, zai wayi gari ya toshe marar laifi. Ko ƙidayar Fox-IT ɗin nan, su da kansu sun faɗa cewa a cikinta akwai uwayen garken da kawai suka yi tarayya da Cobalt Strike a tubalin da aka gina ta a kai, ga kuma na masu gwajin halal. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa ƙwararre ba ya tambayar ko abu biyu sun yi kama, tambayarsa ita ce mutum nawa ne a duniya ke da wannan kamar. In dubu ɗari ne, shaidar banza ce. In bakwai ne, to a gyara zama.

Sannan ga masu shuka sawun ƙarya da gangan. A daren buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, 9 ga Fabrairun 2018, aka durƙusar da shafin gasar da intanet ɗin filin wasa. Manhajar da aka yi aikin da ita cike take da alamun da ke nuna ƙasashe daban-daban, har da wani tambari a kan fayil ɗin da ya yi daidai da na gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Masu binciken Kaspersky ne suka gano cewa tambarin bai dace da abin da ke cikin fayil ɗin ba, ɗauko shi aka yi aka manna. Ungulu da kan zabo. Abin lura shi ne, ƙaryar a cikin manhaja aka shuka ta, inda yin ta ke da sauƙi, gaskiyar kuma ta ɓullo ta wajen takardun yaudara da sunayen domen da aka sake amfani da su, waɗanda suka koma Rasha. A Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi jami'ai shida na Runduna ta 74455 ta leƙen asirin sojan Rasha. Kada kuma a ɗauka sansani ba ya ƙarya. A Oktoban 2019 hukumomin Birtaniya da Amurka suka bayyana cewa gungun Turla na Rasha ya kutsa cikin sansanin gungun OilRig na Iran, yana kai hari daga can a kan wurare a ƙasashe aƙalla 35. Sawun giwa ya taka na raƙumi, duk wanda ya tsaya a sawun sama, Tehran zai nufa.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe wani abu game da sunayen nan masu ban tsoro, APT28, Fancy Bear, Lazarus da sauransu. Laƙabi ne da kamfanoni ke bai wa tarin alamun da suka ga suna tafiya tare, kuma kowane kamfani da gefen da yake hangowa, shi ya sa gungu guda kan tashi da suna biyar ko shida, iyakokinsu kuma ba sa faɗawa daidai. Tsakanin "waɗannan uwayen garke hannu guda ne ya kafa su" da "gwamnati kaza ce ta aiko" akwai tafiya mai nisa. Kuma kada mu yaudari kanmu, rahoton da ya ambaci sunan ƙasa ya fi jawo wa kamfani kwastomomi fiye da wanda ya ce bai tabbatar ba.

Ko an gano sansanin, sai a yi yaya da shi? Nan ma ba a sha da daɗi. In ka wallafa, masu tsaro ko'ina za su toshe, amma maharin ma yana karatu, zai gyara tabon ka koma makaho. In ka yi shiru kana kallo, wasu na can ana yi musu sata da saninka. Wani manazarci mai suna David Bianco ya zana abin da ya kira dalar raɗaɗi a 2013, inda ya jera alamu gwargwadon zafin da mahari ke ji idan an ƙwace masa su. Lambar IP tana can ƙasa, canza ta aikin minti kaɗan ne. Domen ya ɗan fi ta. A ƙololuwa kuma akwai ɗabi'un aikinsa, waɗanda barinsu sai ya sake koyon sana'a. Jerin lambobin da ake rabawa kamfanoni su toshe, wanda shi ne abin da aka fi saya da sayarwa, yana rubewa cikin kwanaki. Mai daraja shi ne sanin yadda maharin ke gina gida, don a gane sabon tun yana aza harsashi.

Akwai ranar da ƙwace suna guda ya wadatar. A 12 ga Mayun 2017, WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, na cin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Birtaniya, wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya ga manhajar tana neman wani dogon suna da ba kowa ya mallaka ba. Ya saye shi a kan ƙasa da dala 11 don ya ƙirga masu kira, ashe makunnin kashe ta ne. Amma irin wannan sa'a ba kullum ba. A Janairun 2021 'yan sandan ƙasashe takwas, da haɗin kan Europol, hukumar 'yan sanda ta Tarayyar Turai, suka ƙwace sansanin muguwar manhajar Emotet gaba ɗaya, aka yi ta murna. Watan Nuwamba na wannan shekarar sai ga ta ta dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba, domin inji aka kama, masu injin suna nan.

Yanzu kuma manyan maharan sun rage hayar gida, sun koma kwana a gidajen mutane. Gungun da Microsoft ya raɗa wa Volt Typhoon, wanda ya fallasa a Mayun 2023 yana laɓe cikin muhimman cibiyoyi a tsibirin Guam da wasu sassan Amurka, ta cikin ƙananan na'urorin rarraba intanet na gidaje da ƙananan ofisoshi yake bi. Babu rajista, babu biyan kuɗi, babu sunan da aka saya. Harin yana fitowa ne daga lambar wani magidanci a gari ɗaya da wanda ake hari, kuma gungu fiye da ɗaya na iya bin hanya guda, yadda ko ka gane hanyar ba ka san wa ya bi ta daren jiya ba. Mabi sawu ya bi sawu tiryan-tiryan, ya tsinci kansa a falon mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A ranar 31 ga Janairun 2024 ma'aikatar shari'ar Amurka ta sanar da cewa, da izinin kotu, hukumar FBI ta shiga ɗaruruwan irin waɗannan na'urori daga nesa ta goge manhajar maharan, ta kuma datse hanyar da suke kiran gida. Sin ta musanta hannu a lamarin. Mafi yawan na'urorin tsofaffin Cisco da Netgear ne waɗanda kamfanoninsu suka daina yi musu gyara, don haka ramin da aka shiga ta cikinsa yana nan a buɗe. Sanarwar da kanta ta faɗa cewa toshiyar da aka yi ta wucin gadi ce: mai na'ura na kashe ta ya sake kunnawa, ta koma yadda maharan suka same ta da farko.